Littattafai Biyar Don Damina

A ƙasashen Turai da Amurka, jaridu da makarantu sun saba fitar da jerin ƙagaggun labarai da za a karanta a hutun tsakiyar shekara, lokacin da mutane ke barin aiki su tafi shaƙatawa. Dogon hutunmu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a tsakiyar damina, sa'ad da kowane mai ƙarfi yake gona. Lokacin hira da tatsuniya da dambe a ƙasar Hausa shi ne kaka da rani, bayan an kai amfani rumbu. Sai dai a Sakajiki da ƙauyukan da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, 'yan bindiga sun sa gonakin nesa sun gagari masu su shekara da shekaru, har matasa da yawa suna wuni a gida a watan da ya kamata a gan su da fartanya. Hutu ne da ba wanda ya roƙa. Saboda haka da na zauna tsara abin da zan karanta a daminar bana, na ɗauki zaɓen da muhimmanci, domin zaɓen littafi shi ne matakin farko na tarke.

Ma'aunina guda ɗaya ne. Ƙagaggen labarin Hausa, tun daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, yana son rufewa da sakayya: azzalumi ya girbi abin da ya shuka, mai haƙuri ya dafa dutse. Mai karatu a arewacin Zamfara yana ganin zaluncin da ba a hukunta ba, yana ganin an biya kuɗin fansa kuma ba a sako mutum ba. Tambayar da zan yi wa kowane littafi ita ce: shin sakayyar da ya ƙare da ita daga cikin labarin ta tsiro, ko kuwa marubuci ne ya ɗora ta daga sama don ya kwantar wa mai karatu da hankali? Wannan ma'auni ne ya sa na ajiye Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a gefe, duk da daɗin harshensa, domin duniyarsa ta raha ce, inda wanda aka cuta yau yake ramawa gobe a yi dariya.

Zan fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da gasar 1933 ta haifar. An daɗe ana koyar da shi a matsayin hoton zamanin bauta da ya shuɗe. Amma labarin yaro ne da aka sace, aka ratsa Hamada da shi, da uwar da ta bar komai ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa, ba ta gan shi ba sai dab da rasuwarta. Bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, ba mai iya karanta wannan a Zamfara ya kira shi tarihi kawai. Abin da nake ɗokin dubawa shi ne muryar mai ba da labarin. Umar yana magana ne bayan ya zama babban malami, cikin natsuwa, yana mayar da komai ga ƙaddara, kuma littafin bai fito fili ya la'anci bautar kanta ba. Ina zargin cewa nauyin labarin yana wuyan uwar ne, wadda ba ta sami wata sakayya a duniya ba, kuma a nan ne littafin ya fi faɗar gaskiya.

Na biyu shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Mai kuɗi, Malam Shaihu, ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, shi kuwa Abubakar ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa a auren. Yaron ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. A cikin littattafan farko, wannan ne ya fi tsayawa a kan ramuwar gayya, ya nuna cewa tana faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Duk wanda ya san yadda rikicin manoma da makiyaya ya rikiɗe ya zama kisan ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da mazauna daji zai gane wannan lissafi. Sakayya a nan daga halayen mutanen take fitowa, shi ya sa ba ta faranta wa kowa rai. Rauninsa, wanda zan sake aunawa, shi ne yadda ya jingina lalacewar yaron ga asiri, alhali shagwaɓar da uban ya yi masa ta isa dalili.

Na uku shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Jarumin littafin, Mailoma, ɗan ƙauye ne da ya tara gungun 'yan ta'adda a shekarun bayan yaƙin basasa, lokacin da makamai da tsofaffin sojoji suka watsu cikin ƙasa. Fiye da shekara 40 ke nan, amma tambayoyinsa su ne namu: daga ina bindiga take zuwa, wa yake cin ribarta, me yake jan saurayi ya shiga? Shi ne nake fi jin tsoro a jerin, domin marubucin ya ba mugu kwarjini da fasahar magana har mai karatu yakan shagala da shi. Sunan littafin ya yi alkawarin faɗuwa tun daga bango. Zan duba ko faɗuwar ta kai nauyin ɗaruruwan shafukan da aka yi ana nuna gwanintar ɓarna, ko kuwa ta zo ne kamar zakkar da aka fitar don a halatta sauran.

Na huɗu shi ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, kuma ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Marubuciyar ba baƙuwa ba ce a nan, don ta nemi kujerar gwamnan Zamfara a 2003. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta dage a kan auren Yasir, wanda danginta suka ƙi domin ba nasu ba ne. Masu nazari sun fi kallonsa a matsayin mafarin littattafan soyayya. Ni dalilina daban ne. A bakin mutane da yawa a yankinmu kalmar Bafulatani ta fara zama daidai da ɗan bindiga, wannan kuwa zalunci ne ga dubban makiyaya da su ma aka kore musu shanu aka kashe musu dangi. Littafin da zai zaunar da ni a cikin zuciyar 'yar Fulani, in ji tsoronta da taurin kanta, yana yin aikin da wa'azi bai iya yi. Shigowar aljana cikin labarin ita ce inda nake sa ran zan yi jayayya da shi, domin tana kawar da ido daga ainihin abokin gaba, wato ƙyamar bare.

Zan rufe da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, ita kuwa ta ci gaba da riƙon gida da sayar da abinci. Shafukan da ke ƙididdige cefane da kuɗin makaranta su ne ƙarfin littafin, kuma matan da rikici ya mayar zawarawa a Zurmi da Shinkafi sun san wannan ƙididdiga da ka. Gobarar kasuwa ce ta karya Alhaji Abdu, ita ce irin sakayyar da na ce ana ɗorawa daga sama. Amma marubuciyar ba ta tsaya nan ba: an matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta, ta ɗauki nauyinsa. Hukuncin da aka yi wa mijin ya zama ƙarin kaya a kan matar, kuma wannan ɗacin ne ya ceci ƙarshen daga zama ta'aziyyar banza.

Akwai abin da jerin ya tona wanda ban tsara ba. Marubutan biyar daga Bauci da Zariya da Katsina da Kano suka fito, kuma da daidaitacciyar Hausa suka rubuta. Babu Zamfarci a bakin kowa a cikinsu, babu kasuwar Shinkafi, babu tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura inda layin dogo ya tuƙe. Mu masu karatu a nan muna leƙa fuskarmu ne a madubin aro. Madubin yana da kyau, shi ya sa nake ɗokin watannin nan. Amma duk ɗalibin adabi daga wannan yanki da ya karanta su da idon basira zai fito da sanin yadda ake gina labarin sata da fansa da zawarci ba tare da ƙarya a ƙarshensa ba. Abin da ya rage masa shi ne alƙalami, da ƙarfin halin barin labarin ya ƙare yadda rayuwa ta ƙare da shi.