Tsanin Ken Wilber da Koyarwar Nagarjuna

Cikin littafinsa The Fourth Turning (2014), Ba'amurke Ken Wilber ya nemi a haɗa zaman tunani na addinin Buda da matakan girman hankali irin na Piaget. Nan yana da hujja, don mutum kan shekara yana zaman tunani, halinsa na nan na yaro.

Inda muke ja da shi, batun shunyata ne. Wilber ya ɗauke ta Ruhu, wato katakon tsaninsa da ƙolinsa. Nagarjuna kuwa, malamin Indiya na wajen ƙarni na 2, nufinsa babu abin da ke tsaye da kansa. Komi jingine yake da wani, har ita shunyatar. A ganinmu, Wilber ya riƙe abin da aka ce a saki.