BABI NA UKU: BRUCE ONOBRAKPEYA DA ZANEN LABARIN JIKI MAGAYI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi tarihin fasahar Bruce Onobrakpeya, mai zanen da ya yi wa littafin Cyprian Ekwensi, An African Night's Entertainment (1962), hotuna. Dalilin kawo shi cikin nazarin adabin Hausa shi ne, labarin da ke cikin wannan littafi shi ne labarin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Skinner (1973) ya jera littattafan biyu ya nuna yadda na Ingilishi ya bi sawun na Hausa. Masu kare Ekwensi kuwa suka ce ai labari ne da ke yawo a baka, kuma mutumin da aka haifa a Minna, ya tashi yana jin Hausa, yana iya tsintarsa. Wannan gardama ta tsaya ne a kan kalmomi. Abin da ake son nunawa a nan shi ne, labarin ya ratsa hannun mutum na uku, wato mai zane, kuma shi ma fassara ya yi.

3.1 Tasowarsa

An haifi Onobrakpeya ranar 30 ga Agusta, 1932, a Agbarha-Otor ta ƙasar Urhobo, cikin Jihar Delta ta yanzu. Mahaifinsa yana taɓa sassaƙa. Ya yi sakandare a Benin, ya koyar da zane a can da kuma Ondo, sannan a 1957 ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

3.2 Abin da Zariya ta ba shi

A lokacin da ya zo, yawancin malaman sashen zane Turawa ne, kuma tsarin koyarwar na makarantun Ingila ne: a ajiye wa ɗalibi tulu ko mutum ya kwaikwaya, ya koyi awon jiki da inuwa da nisa. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, Uche Okeke yana jagora, tare da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Onobrakpeya da wasu. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Sunan ya fi abin girma, domin ba su ƙi karatu ba, ba su kuma yar da dabarun Bature ba. Manufarsu ita ce a karɓi dabarar baƙo a zuba mata kayan gida. Kowa sai ya koma ga abin da ya gada. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya kuma ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, musamman na kunkuru, wanda a wajensu yake riƙe da matsayi irin na gizo a wajen Bahaushe.

Masu nazarin ayyukansa sun kasa su zamani-zamani, kuma sun nuna cewa ayyukan 1957 zuwa 1962 abu biyu suka ƙunsa: tatsuniyoyin Urhobo da shimfiɗar ƙasar Arewa. Wannan rabo yana da muhimmanci ga wannan nazari. Abin da ke cikin ransa daga gida ya zo da shi. Abin da Zariya ta ba shi na ido ne: ganuwa, soraye, adon bangon gidajen birni, manyan riguna, shanu da hasken rani. Saboda haka da aka ba shi labarin Malam Shehu da Abubakar, ya san siffar mutanen da gidajensu sani na mai shekaru a cikinsu, amma dodannin da ya sani na kurmin kudu ne.

3.3 Baƙi da fari a labarin ramuwa

Aikin da ya fi yi a waɗannan shekaru shi ne bugun lino. Lino wata leda ce mai kauri irin wadda ake shimfiɗawa a ɗaki. Mai zane yakan sa ƙaramar wuƙa ya ƙwaƙule duk inda yake son ya fito fari, ya shafa tawada a abin da ya rage, ya danna takarda a kai. Babu toka-toka, babu gyara. Abin da wuƙa ta cire ya tafi ke nan. Hotunan littafin Ekwensi baƙi da fari ne masu irin wannan kama, kuma hakan ya yi wa mai ɗab'i sauƙi, tun da littafin 'yan makaranta ne da ake son ya yi araha.

Idan aka yi la'akari da labarin, za a ga wannan dabara ta dace da shi ta fuska biyu. Ta farko, Ekwensi ya buɗe nasa littafin da wani tsoho mai ba da labari da dare, ga jama'a sun kewaye shi, saboda haka hoton da duhu ya fi haske yawa a cikinsa ya yi daidai da lokacin hira. Ta biyu ta fi wannan. Labarin ba shi da tsaka-tsaki. Malam Shehu attajiri ne marar ɗa, ya sa dukiya ya raba Abubakar da Zainabu wadda aka yi masa alkawari tun suna yara. Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai lalata ɗan da za a haifa, ya samu, Kyauta ya tashi ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba, sannan ya juya kan Abubakar. A hanyar neman ramuwar nan jikin Abubakar raguwa ya yi ta yi, kunne ya tafi, ido ya tafi, ya dawo ba kowan kowa ba. Mutumin da wahala ta sassaƙe haka, zanen da ake yi da wuƙa ya fi alkalami iya nuna shi.

Amma dabarar tana da iyakarta, kuma iyakar ta faɗo daidai inda labarin Hausa ya fi ƙarfi. Sunan Jiki Magayi yana nuni ne ga abin da jiki ke sanar da mai shi kafin ido ya gani: faɗuwar gaba, rashin sakewa, jin cewa wani abu na tafe. Wannan abu ne na ciki, kuma a al'adar Bahaushe, inda kunya ke hana mace kamar Zainabu faɗin abin da ke ranta, ɗan sauyin fuska ne kawai ke tona shi. Baƙi da fari ba su da wurin ɗan sauyi. Sun iya tsayuwa da faɗuwa da ɗaga takobi, ba su iya shiru ba. Ke nan mai zane ya bi Ekwensi wajen mai da labarin na aukuwa, kamar yadda sunan Ingilishin ya mai da shi abin nishaɗin dare. Ba laifinsa ba ne, domin rubutun Ingilishi aka miƙa masa. Sai dai ɗalibin da ya fara haɗuwa da labarin ta wannan littafi zai riƙe shi a matsayin labarin sihiri da kisa, alhali mai karatun Hausa ya riƙe shi a matsayin labarin alhaki.

3.4 Bayan littattafai

Ya yi wa wasu littattafai hotuna, ciki har da No Longer at Ease na Achebe, da Sugar Girl na Kola Onadipe, da fassarar da Soyinka ya yi wa littafin Fagunwa a 1968. Mai son ya ga inda hannunsa ya fi sakewa sai ya nemi wannan na ƙarshe, domin dajin aljanu gidansa ne. Daga 1963 ya koyar a Kwalejin St. Gregory ta Legas, ya kuma halarci bitar bugun hoto da Ru van Rossem ya gudanar a Ibadan da Oshogbo. A 1967 ruwan asid ya cinye masa wani farantin ƙarfe da yake aiki a kai, ya cike ramukan da gam, da ya buga sai ya ga hoton ya fito da tudu da kwari. Daga nan ya sami dabarar da ya kira plastograf, wadda ta fitar da sunansa duniya. Arewa ta sake dawowa cikin aikinsa a shekarun 1980, a jerin da ya kira Sahelian Masquerades, wanda ya yi a kan fari da kwararowar hamada, abin da manoman Zamfara suka ɗanɗana a 1973 da 1984. A 1998 ya fara bitar Harmattan a garinsu, inda ake horar da matasa masu zane.

3.5 Mai zane a ƙasar Zamfara

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe zuwa Gusau, ya wuce Bunguɗu, ba zai ce Bahaushe ba ya son hoto ba. Ga zaki da mikiya da dawaki a bayan manyan motoci, ga allunan masu aski, ga zayyanar allon sauka, ga aska takwas a gaban riga. Littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980 su ma da zanen hannu suka fara a bangonsu, kafin kwamfuta ta kawo hotunan 'yan fim. Ɗalibin Hausa zai kawo sunan Abubakar Imam ba tare da tunani ba, amma da wuya ya kawo sunan mai zane guda da ya yi wa littafin Hausa aiki, kuma sassan koyar da Hausa sun ɗauki hoto a matsayin kwalliya, ba abin nazari ba.

Illar wannan ita ce, mai zanen da ba a san sunansa ba, ba a yi masa suka, wanda ba a yi wa suka kuwa kwaikwayo yake yi. Shi ya sa budurwar bangon littafin soyayya takan fito da kamannin 'yar fim ɗin Indiya, ko da labarin a Gusau ya faru. Onobrakpeya ya tsira daga wannan ne saboda ya sami abokan gardama a makaranta, da mai ɗab'in da ya buga sunansa kusa da na marubuci. Yaron da ke fentin motoci a Gusau yana wuce Dutsen Kwatarkwashi kullum, amma dutsen da yake zanawa mai ƙanƙara ne a kai, irin na kalandar Turai, domin shi masu mota suka saba gani, shi kuma suke biya.