Na da Ta: Ƙarshen Zancen Gabashin Sakkwato

Matasan da ke kallon fina-finan Koriya a waya sun saba jin "yo" a ƙarshen kusan kowace magana. Alamar ladabi ce, da ita Bakoriye ke nuna girmamawa ga wanda yake yi wa magana. Mu ma muna da namu ƙarshen zancen, sai dai aikinsa daban. A Wurno da Rabah da Goronyo, inda Bakano zai ce "ne" ko "ce", mutane "na" da "ta" suke cewa.

Tsaya gaban mai tafarnuwa a kasuwar Wurno ka tambaye shi daga ina kayansa suke. Zai ɗaga ƙulli ɗaya ya ce, "Wagga ta Wurno ta, Alhaji." Ka yaba, ya amsa da "Gaskiya ta." Baƙo yakan ɗauka cewa ya yi gaskiyar tasa ce shi kaɗai. Kunnen ɗan gari ba ya wannan ruɗewa, domin murya ce ke raba su. "Na" da "ta" na dirka kullum suna saɓa wa gaɓar da ta gabace su: in ta hau su sauka, in ta sauka su hau. A "gida na", wato gida ne, murya faɗuwa take yi. A "gidana" na mallaka kuwa tana nan sama. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, sai aka bar wa ɗan fili tsakanin kalmomi wannan nauyi duka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kallon wannan a matsayin ƙauyanci. Masana tarihin harshe, irin su Paul Newman, suna ganin "na" da "ta" su ne tsofaffin, "ne" da "ce" daga baya suka fito. Wannan "t" ta mace ma 'yar dangi ce da ta'un da ɗalibin Larabci ya sani a ƙarshen sunayen mata. Hausar Kano ta zama ma'auni ne saboda ita aka ɗauka wajen buga littattafai a Zariya, kuma da ita Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kafin nan an daɗe ana rubuta waƙoƙi da ajami a wannan yanki, tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke zaune a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837.

A waƙa ne asarar ta fi fitowa fili. Saurari Ɗan Anace na ƙasar Gandi yana wasa ɗan dambe Shago. Kalmomin Hausa masu yawa da wasalin "a" suke ƙarewa, don haka "na" da "ta" suna zama cikin layi ba tare da sun yi karo da maƙwabtansu ba, mawaƙi ya buɗe baki ya ja su yadda kalangu ke so. Sau da yawa mai rubuta waƙar a takarda yakan "gyara" su zuwa "ne" da "ce". Ma'ana ba ta ɓace ba, amma wanda ya karanta da ƙarfi zai ji layin yana ɗingishi.

Ba na cewa a daina koya wa yaran Goronyo daidaitacciyar Hausa. Jarrabawa na jiransu. Amma malamin da zai ja jan biro a kan "haka na" ya kamata ya gaya wa yaron cewa ƙa'idar rubutu ce ya saɓa, bakin kakarsa bai yi kuskure ba.