Burodi, Soyayya da Mafarki: Darasi ga Kannywood daga Tsofaffin Finafinan Italiya

A shekarar 1953, shekara takwas kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, darakta Luigi Comencini ya fitar da fim mai suna *Pane, amore e fantasia*, wato burodi, soyayya da mafarki. Labarin wani ƙauye ne a duwatsun Italiya da talauci ya yi wa katutu. An turo sabon shugaban 'yan sanda, dattijo kuma tuzuru (Vittorio De Sica), sai ya ƙyalla ido ya ga wata budurwa (Gina Lollobrigida) mai yawo ba takalmi, wadda babbar kadarar gidansu jaki ne. Ita kuwa hankalinta na kan wani ƙaramin ɗan sanda mai kunyar tsiya. Ƙarshe dai yaro ya samu yarinya, dattijo ya karkata ga ungozomar garin.

Akwai wurin da dattijon ya tarar da wani talaka yana cin burodi gaya, ya tambaye shi me ya sa a ciki, talakan ya ce mafarki. Ka yi dariya, amma ka gane mutumin nan yunwa yake ji. Sirrin daɗin waɗannan finafinai ke nan: ba su ɓoye babu, ba su kuma bari babu ta ƙwace wa mutum mutuncinsa. Wasu masu sharhi na lokacin sun zargi irin wannan fim da shafa wa talauci hoda. Ni ban yarda ba. A *Ieri, oggi, domani* na 1963, Sophia Loren ta fito a matsayin mai sayar da sigarin fasa-ƙwauri a Napoli, wadda ke ta jera ciki don doka ta hana a ɗaure mai juna biyu, har mijinta (Marcello Mastroianni) ya galabaita. Wannan ba hoda ba ce, dabarar talaka ce a gaban hukuma.

Mu dawo gida. Kannywood ta daɗe da raba soyayya da barkwanci gida biyu. Soyayya ta masu hali ce: gidan bene, mota, waƙa cikin lambu irin ta Indiya. Barkwanci kuwa, wanda ake kira camama, an bar wa ƙauye. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, gwani ne da har yau ba a maye gurbinsa ba, amma sau da yawa labaran da aka ɗora shi a kai suna nuna baƙauye a matsayin wawa ko mayaudari. Ana yi masa dariya, ba a fatan ya samu wadda yake so. Yaron da ke kallo a waya a ƙauye yana koyon cewa soyayya mai kyau sai a birni.

Alhali kayan labari jibge suke a wuri kamar Ɗandume. Ga saurayin da ya ɗora ranar aurensa a kan masarar kaka, farashi ya faɗi mako biyu kafin kai lefe. Ga dillalin hatsi mai mata uku da ke neman cike ta huɗu da yarinyar da ɗan dakonsa ke so. Ga gwaggo mai ƙirga turamen atamfa, ga mai unguwa da kowane ɓangare ya kai wa gaisuwa. A nan kuɗi da ƙauna a buhu ɗaya suke, kuma daga nan dariya ta gaskiya ke fitowa.

Wani zai ce yankin da 'yan bindiga suka addaba, daga Ɗandume zuwa Sabuwa da Faskari, ba lokacin raha ba ne gare shi. To ai Italiyawan da suka yi tururuwar kallon fim ɗin Comencini ba su daɗe da fitowa daga yaƙi ba. Mutanen da ba a ambaton garinsu sai a labarin hari sun cancanci su ga kansu suna zance a ƙofar gida, suna kishi, suna shirme, suna yin nasara. Marubutanmu su rubuta mana baƙauyen da za mu yi dariya tare da shi, mu kuma taya shi addu'ar a ɗaura.