Dakarun Dalma: Awon Dokokin Wasan Yaƙi na Tebur da Yaƙin Ƙasa a Kudancin Kano

Akwai wani wasa da Turawa ke yi wanda ya cancanci malaman tarihi su dube shi da idon basira. A kan jera ƴan mutum-mutumin soja na dalma bisa tebur, a ƙera tuddai da ganuwa, sa'an nan a kara rundunoni biyu bisa dokoki rubutattu. Da inci a ke auna tafiya da nisan harbi, ɗan lido kuma shi ke yanke abin da ya rage ga sa'a. Asalinsa darasin hafsoshi ne, gama a 1824 wani hafsa mai suna von Reisswitz ya tsara shi don sojan Furusiya. A 1913 H. G. Wells ya mai da shi abin nishaɗi da littafinsa Little Wars.

Littattafai biyu a ke nufi a nan, don su suka shahara wajen kwaikwayon yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. Na fari The Sword and the Flame na Larry Brom, 1979, inda a ke kasa dakaru ashirin-ashirin, a riƙa jan karta: in ja ta fito, Ingilishi su motsa, in baƙa ce, abokan gābarsu. Na biyu The Men Who Would Be Kings na Daniel Mersey, 2016, wanda ya raba mayaƙa aji uku, watau horarru, da marasa cikakken horo, da na ƙabila. Horarru sha biyu ne a ƙungiya, suna jera sahu su saki wuta gaba ɗaya. Na ƙabila sha shida ne, masu sauri, masu iya faƙo, amma harbinsu ba ya nisa.

Ba za a hana wa dokokin nan yabo ba. Sun gane cewa runduna ta kan karye tun ba a kashe rabinta ba, da zarar zuciya ta mutu ko shugaba ya faɗi. Sun kuma nuna ƙarfin sahu mai kusurwa huɗu. Wanda ya jera yaƙin Kwatarkwashi na Fabrairun 1903 a tebur, inda ƴan tsirarun soja ƙarƙashin Wright suka tsaya wa sukuwar dawakin Kano har Waziri Ahmadu ya rasu, zai ga sakamakon bai yi nisa da abin da ya auku ba.

Amma fa in aka kawo su ƙasar Rano da Kibiya, sai ɗinkin ya fara warwarewa. Aibi na farko yana cikin sunan ajin. Rundunar da Kanar Morland ya taso da ita daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa ran 1 ga Fabrairu 1903, ta ci Kano ran 3 ga wata, sojanta kimanin ɗari bakwai baƙar fata ne, da yawansu kuwa Hausa su ke ji. Ashe horo da makami ne suka raba na cikin ganuwa da na wajenta. Kalmar ƙabila tana sa ɗalibi ya ɗora bambancin a kan jini, alhali kuwa a kan fareti da bindiga mai ruwa ya ke.

Aibi na biyu, cuɗa abin da harshe ya rarrabe. Bahaushe bai tsaya ga kalmar dakare kaɗai ba. Yana da ƴan baka masu kwari, da masu garkuwa da takobi, da masu mashi, da ƴan bindiga, kamar yadda ya raba barade da ƴan lifida cikin mahaya. Sarautar Sarkin Baka ita ma shaida ce, don ba a naɗa sarauta a kan taron da ba shi da tsari. A Tabkin Kwatto, 1804, ƴan bakan jama'ar Shehu Usmanu ne suka karya dawakin Yunfa Sarkin Gobir. Littafin Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato ya nuna yadda doki ya rinjayi baka daga baya, bindiga kuma ta shigo a ƙarshen ƙarni. Dokar da ta ba ɗan baka gajeren harbi, ta tura shi gaba da gaba kamar mai kulki, ta juya aikinsa. Har wa yau ba ta san dafi ba. Kibiyar da aka shafa wa dafin kwankwani ba ta bukatar shiga da zurfi. Ƙwarzane ya isa, mutum ko doki ya ci gaba da tafiya, can an jima ya faɗi. A tebur kuwa, ko dai a ɗauke mutum nan take, ko a bar shi.

Aibi na uku shi ne mafi girma, watau manufar faɗan. Hausa ta raba yaƙi da hari. Abin da ya dami kudancin Kano cikin rabin ƙarni na sha tara na biyu, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, harin Ningawa ne. Su kan fito daga duwatsunsu da rani, su kame mutane da dabbobi, su koma inda doki ba ya iya binsu. Mutumin gari irin Rano, mai ganuwa da duwatsu, nasararsa ita ce a shigar da na gona da shanu kafin a rufe ƙofa. Nasarar mahari kuwa ita ce ya koma da ganima ba tare da ya tsaya an gwabza ba. Ko da ya ke littafin Mersey yana da wasu fagage na kai farmaki, ginshiƙinsa rundunoni biyu ne masu daidaitaccen ƙarfi, maki ashirin da huɗu-huɗu. Mahari kuwa ba ya zuwa inda ƙarfi ya zo daidai.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A raba dakaru bisa sunayensu na Hausa, ko wanne da nisan harbinsa. Wanda kibiya ta sama a sa masa alama, a ɗauke shi bayan zagaye biyu. A ƙirga nasara da yawan waɗanda aka tsirar ko aka kama, a kuma hana doki hawan dutse. Da wannan malamin kwalejin horon malamai zai iya shimfiɗa taswirar Rano da Kibiya a tebur, ɗalibai su gane da hannunsu dalilin da ya sa aka gina ganuwa, da dalilin da ya sa gonaki suka matso kusa da ita. In kuwa aka ɗauki dokokin yadda su ke, yaro zai tashi daga teburin yana zaton kakanninsa gayya ce mai ruga wa wuta, kuma da wannan zaton zai shiga aji ya koyar.