Fuskokin Takarda na Meksiko: Da Wane Ma'auni Za A Auna Su?

Masu sharhi kan fifita fuskokin biki na itace a kan na takarda, wai don itace ya fi ƙarko. Wannan ma'auni yana da rauni. A sana'ar da mutanen Meksiko ke kira cartonería, akan liƙa yage-yagen takarda hawa-hawa da ƙullun fulawa bisa siffar yumɓu, in ta bushe a ɓamɓare, a yi mata fenti. Garin Celaya ya shahara da wannan aiki. Arhar kayan ce ta ba talaka damar mallakar fuskar da zai sa ranar biki. Haka kuma mutum-mutumin Yahuza na takarda, don a ƙone shi a jajibirin Ista ake yin sa. Abin da aka yi don ya ƙare, ba a tuhumarsa da rashin daɗewa.

Haƙiƙa lambar yabo ta ƙasa da aka ba gwanin sana'ar, Pedro Linares, a 1990 ta ɗaukaka darajarta. Sai dai fuskar da aka adana bayan gilashi a gidan tarihi ta rabu da kiɗa da rawa. Saboda haka, wajibi ne mai nazari ya dube ta a jikin mai rawa, a tsakiyar taro, domin a can ma'anarta take.