Jinjina ga Mawaƙan da Suka Ƙi Yaudarar 'Yan Kallo

A 1991 shirin Top of the Pops na BBC ya sa ƙungiyar Nirvana ta yi kamar tana kiɗa, alhali faifai ne ke tashi. Mawaƙinta Kurt Cobain ya riƙa shafa jitarsa da gangan, ya kaurara murya, kowa ya gane wasan. A 2009 a talabijin ɗin Italiya, da aka nemi 'yan ƙungiyar Muse su ma su yi kamar suna kiɗa, sai suka yi musanyen wuri, mawaƙinsu ya koma kan ganga.

Sun cancanci yabo. Duk wanda ya ga Mamman Shata tsakiyar makaɗan kalangu da 'yan amshi, yana ƙirƙirar baiti nan take, ya san darajar waƙa da baki. Allah ya ƙaro mana irinsu.